Ranar da Gwaggo ta shiga shagon Yaya na intanet

Asabar, 11 ga Janairu, 2025. Anguwan Rogo, Jos.

Sanyin yau ya fi na jiya. Ruwan buta da asuba kamar daga firij aka ciro shi, sai da Inna ta sirka min da na tukunya kafin na iya alwala. Tun ƙarfe shida Yaya ta shirya za ta kasuwar Farin Gada haɗa kayan mutanen Abuja: kabeji, karas, koren wake, latas, da dankalin turawa na Bokkos. Sitiroberi kuwa jiya aka kawo mata daga Chaha, can wajen Vom, don yanzu ne kakarsa. Har ta kai zaure ta dawo ta leƙo ɗakina.

"Auta, don Allah yau ki duba min shagon nan naki. Mutum uku jiya suka ce sun shiga sun kasa saye, sai kirana suka yi."

Shagona take cewa, amma nata ne. Ni dai na gina mata shi wata huɗu da suka wuce, a kan WordPress, manhajar nan da Matt Mullenweg da Mike Little suka fito da ita a 2003. Ita WordPress kamar ɗaki ce da aka gama gini aka ba ka makulli, babu kanta, babu sikeli. Duk abin da kake so ɗakin ya yi maka, sai ka shigo da wata ƙaramar manhaja ka jona, ita ce ake kira fulogin. Hatta WooCommerce da ta mayar da shafin Yaya wurin saye da sayarwa fulogin ce. Da na buɗe kwamfuta na ƙirga, guda 23 na samu a jone. Wasu na tuna dalilin sa su, wasu kuwa a bidiyo na gani sun burge ni na sa. Na shiga shagon daga kwamfutata, na zaɓi kaya, na kai har wurin biya, komai lafiya lau. Sai na fara tunanin ko sabis ne ya ba mutanen nan matsala.

Wajen ƙarfe goma sai ga sallamar Gwaggo daga Gangare. Acca take so a aika wa ɗiyarta da ke aure a Kubwa, mudu biyu, a haɗa da sitiroberi don yara. Gwaggo ta yi shekaru tana koyarwa a firamare kafin ta yi ritaya, tana karanta boko da ajami, tana da WhatsApp, tana tura kuɗi da wayarta. Bayan mun gaisa ta sha shayi, sai na ce, "Gwaggo, ki taimaka min da abu ɗaya. Ki yi odar nan da kanki a wayarki, ni zan zauna in kalla, ba zan sa hannu ba." Ta ce to, ta ciro tabarau daga jaka.

Wayarta tsohuwar Android ce, gilashin ya tsage ta kusurwa ɗaya, data kuma ta kwana ɗaya take saye. Na tura mata adireshin, ta danna. Fuskar wayar ta yi fari fat. Ta jira, ta ƙara jira, sannan ta ajiye wayar a cinya ta juya tana tambayar Inna ciwon ƙafarta. Ni kuwa idona na kan wayar. Na san abin da ke faruwa: a saman shagon na jera manyan hotuna biyar masu wucewa ɗaya bayan ɗaya, yadda Yaya ta ɗauke su da waya haka na ɗora su, ko wanne ya kai megabayit huɗu. Kwamfutata ta riga ta adana su tun tuni, shi ya sa ni ban taɓa jin nauyinsu ba. Wayar Gwaggo kuwa yau ta fara ganinsu, kuma daga datarta ake cirewa.

Da ƙyar ya buɗe. Ta ɗaga wayar ke nan, kafin ta karanta komai, wani akwati ya faɗo ya rufe fuskar gaba ɗaya, yana neman ta ba da imel a yi mata ragi. Alamar rufewa tana can sama a lungu, ba ta kai ƙwayar gero biyu ba. Ina kallon babban yatsanta mai jan lalle yana neman wurin. Ta danna, bai rufu ba. Ta sake, sai allon rubutu ya taso daga ƙasa ya cinye sauran wurin. Sau huɗu. Hannuna har ya ɗaga, na tuna alkawarin da na yi na mayar da shi.

Da ta samu ta wuce, sai ta cire tabarau ta goge da gefen mayafi ta mayar, ta matso da wayar kusa da hanci. Rubutun na yi shi siriri ne, toka-toka a kan fari, don a kwamfuta ya yi min kyau sosai. Can sai ta tsaya a kan wata kalma.

"'Yar nan, me ya samu ƙ ɗin nan? Ga ɗ ma. Kamar ba 'yan gida ɗaya ba ne da sauran baƙaƙen."

Na leƙa. Gaskiyarta. A "ɗanyen wake" da "ƙaramin kwali", haruffan masu lanƙwasa sun fi sauran kauri, sun ɗan tashi daga layi. Salon rubutun da na zaɓa ba shi da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ a cikinsa, sai wayar ta aro su daga wani salon ta cusa. Wata huɗu ina kallon shafin nan ban lura ba, malamar firamare ta gani a minti ɗaya.

A wurin biya ne aka tsaya cak. Sai ta buɗe asusu, sai ta ƙirƙiri kalmar sirri, ga gurbin sunan kamfani, ga adireshi layi biyu, ga imel. Tana da imel, wanda yaron shagon waya ya buɗe mata ranar da ta sayi wayar, amma ba ta riƙe shi ba. Ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "A kasuwar Katako wa yake tambayar mutum wannan duka kafin ya auna masa mudu biyu?" Sannan ta miƙo min wayar. "Ba ni lambar yayarki kawai, Allah ya yi miki albarka."

Minti goma sha ɗaya na ƙirga. Jikina ya yi sanyi ƙwarai. Ba Gwaggo kaɗai nake gani ba, ina tuna mutum ukun da suka kira Yaya jiya, da waɗanda ba su kira ba, suka rufe suka tafi wurin wata. Yaya tana fita cikin wannan hunturu tun duhu bai washe ba, ta yi ciniki da dillalai, ta yi ta fama da direbobi a tasha, ashe a ƙofar ƙarshe ni ce na sa mata ƙaya. Ana cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma ni sai da baƙuwa ta zauna a ciki ruwan ya zubo mata sannan na sani.

Bayan Gwaggo ta tafi na zauna aiki. Na fara ajiye kwafin shagon gaba ɗaya da fulogin UpdraftPlus zuwa ma'ajiyar Google Drive, kuma na gode Allah da na yi hakan. Na auna shi a PageSpeed Insights, wanda ke ba saurin shafi maki daga 0 zuwa 100, ɓangaren waya ya fito ja, wato ya faɗi. Daga nan na shiga cire fulogin. Akwatin neman imel ya fara tafiya, mutum shida kacal suka taɓa cike shi. Hotuna masu wucewa suka bi, na bar guda ɗaya, kwandon sitiroberi a hannun Yaya. Akwai wadda ke jawo hotunan Instagram zuwa ƙasan shafi, akwai mai sa rubutu ya riƙa shigowa yana rangaji, akwai biyu da aiki ɗaya suke yi suna ture juna. Na kuma tarar da wadda ke hana hoto sauka sai mai kallo ya gangaro kansa, alhali WordPress da kanta tana yin wannan tun fitowar 5.5 a 2020. Abin ya tuna min da soket ɗin ɗakin Inna da ake cusa wa caja da hita da rediyo lokaci guda har ya fara ɗumi.

Ƙarfe ɗaya aka ɗauke wuta. Na rage hasken kwamfuta na ci gaba da batir.

Hotunan kaya na rage musu girma na mayar da su WebP, tsarin hoton da Google ya fitar a 2010, wanda WordPress ke karɓa tun 5.8 a 2021. Hoton kabeji da ya haura megabayit uku ya dawo ƙasa da kilobayit ɗari, kuma a fuskar waya ba za ka ce an taɓa shi ba, har raɓar da ke kan ganyen tana nan. Salon rubutu na koma Noto Sans, wanda ke da haruffanmu duka. Na ƙara girma, na mayar da shi baƙi sosai. Ƙa'idar W3C, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin shafukan intanet, ta ce bambancin haske tsakanin rubutu da bangonsa kada ya gaza 4.5 a kan 1, na auna tokar da nake amfani da ita, ba ta kai ba.

Inda na fi daɗewa, kuma na fi jin daɗi, shi ne kalmomin da ke kan maɓallai. Kusan duk masu sayen Yaya matan Arewa ne da ke Kubwa da Gwarinpa da Lugbe, amma maɓallan duk da Turanci suke. Da fulogin Loco Translate ana iya bin su ɗaya bayan ɗaya a sauya. Na ɗauki kwamfutar na koma tsakar gida wurin Inna tana tsince shinkafa. A maɓallin zaɓar kaya, Turawa sunan keken nan da ake turawa a manyan kantuna suka sa. Na ce, "Inna, in kin je kasuwa a me kike zuba kaya?" Ta ce kwando ko leda. Muka tsaya a kan kwando: "Saka a kwando". Sai maɓallin biya. In na rubuta "ki biya" na kori maza, in na ce "ka biya" na bar matan da su ne kasuwar. Inna ta ce, ba tare da ta ɗago daga faranti ba, "Ki ce ku mana. Wa zai ji haushin ku?" Haka aka yi: "Ku biya a nan". Saƙon da ke fitowa in kaya sun ƙare shi ma na sauya, ya zama "Ya ƙare, sai an kawo", yadda Yaya ke faɗa da bakinta. Waɗanda ba sa jin Hausa kuma na bar musu sunan kowane kaya da Turanci a ƙarƙashi, sauran sai na zauna da Yaya mun shawarta.

Bayan la'asar gabana ya yi mummunar faɗuwa. Na cire wata fulogin da na ɗauka ba ta da aiki, na sabunta shafin, sai fari fat da layi ɗaya na saƙon matsala. Ashe ƙirar shagon a kanta ta jingina. Batir saura kashi goma sha biyu, ga Asabar, ranar da aka fi yin oda. Na yi ta Hasbunallahu ina mayar da kwafin safe, sannan na sake bin gyaran ɗaya bayan ɗaya daga jerin da na rubuta a bayan littafin lissafin Yaya. Ana cikin haka aka kawo wuta, yaran layi suka ɗauki ihu.

Wurin biya bai ci lokaci ba. Saye ba tare da buɗe asusu ba yana cikin saitin WooCommerce tun asali, akwati ɗaya ne ban taɓa latsawa ba. Na cire sunan kamfani da layi na biyu na adireshi. Imel dole ya zauna ga mai biya da kati ta Paystack, kamfanin karɓar kuɗi ta intanet, don can ake tura rasit. Ga irin su Gwaggo kuma na ƙara fulogin guda, ita kaɗai na ƙara yau: koren maɓallin WhatsApp. Lambar Yaya ake sawa da 234 a gaba, a jefar da sifirin farko, mutum na dannawa sai hira ta buɗe da saƙo a rubuce, an riga an sa sunan kayan da yake kallo. Fulogin daga 23 aka dawo 12.

Bayan magariba na kira Gwaggo na roƙe ta ta sake gwadawa daga gida. Yaya ta dawo tana zaune a tabarma, ta sa safa da rigar sanyi, tana jera sitiroberi a ƙananan robobi, tana ware waɗanda suka fara laushi don ba za su jure hanyar Hawan Kibo zuwa Akwanga da Keffi ba. Ban gaya mata komai ba. Ba a yi minti uku ba wayarta ta yi ƙara. Ta goge hannu a zani ta duba, ta karanta a fili: "Salamu alaikum, ina son acca." Ta ɗago. "Auta, Gwaggo ce fa. Ta shagon ta shigo?"

Sai ga saƙon murya ya biyo baya, muka saurara mu uku da Inna. Ta ce yanzu ya buɗe kafin ta gama gyara zama, kuma baƙaƙen sun daidaita. Amma koren abin nan yana zaune a kan farashin kayan da ke ƙasa, sai ta ture shafin sama take ganin kuɗin. Sannan babu inda aka rubuta nawa ne kuɗin mota zuwa Abuja, kuma a wace tasha ɗiyarta za ta je ta karɓa.

Maɓallin na matsar da shi gefen hagu na rage shi yanzu kafin in rubuta wannan. Kuɗin mota kuwa Yaya ta ce ya danganta da girman kwali, kuma direbobi sun ƙara tun kafin Kirsimeti. Gobe da ƙarfe shida zan bi ta tasha da littafi da biro in ji na ƙaramin kwali, da babba, da na buhu.