Daren da na ji kiɗa da gadon baya a Oberlin

Daga Cleveland zuwa Oberlin ba a yin awa ɗaya a mota, amma sanyin Nuwamba na jihar Ohayo ta Amurka ya sa na ƙosa mu isa. 'Yar yayata ce ta matsa sai na leƙo makarantarsu, Kwalejin Oberlin, kafin in koma Kano. Ita ilimin halittu take karantawa, ko ganga ba ta taɓa riƙewa ba, amma kullum a waya sai ta ce, "Kawu, garin nan kiɗa ya fi abinci araha."

Ɗan ƙaramin gari ne, mutanensa ba su kai dubu 10 ba. A 1833 aka kafa kwalejin, kuma tun 1835 take ɗaukar ɗalibai baƙar fata, lokacin ana cinikin bayi a kudancin Amurka. Makarantar kiɗan cikinta kuwa ta 1865 ce. Zancen arahar ma ba ƙarya ta yi ba: wasanni wajen 500 ake yi a shekara, akasarinsu ko sisi ba a biya.

Da la'asar ta zaga da ni ɗakunan gwaji, ƙanana a jere kamar shagunan Kantin Kwari. Ta gilashin wata ƙofa na hango wani yaro da gogen Turawa a wuya, yana ta maimaita gaɓa ɗaya kamar mai hadda. Ya ja, ya tsaya, ya yi alama da fensir a takarda, ya sake ja. Muka je muka sha shayi muka dawo, yana nan a wurin. A nan na daina cewa a raina yaran nan wasa aka turo su yi.

Bayan isha muka shiga zauren Warner, ɗalibai huɗu za su yi kiɗa. Ba liƙi, ba guɗa, ba mai kirari. Kowa ya yi tsit, tari ma sai an haɗiye. Ni da na saba makaɗi ya ga ka motsa kafin ya ƙara wuta, sai abin ya zame mini kamar zaman makoki. Da suka ɗan tsagaita na ware hannu na zuba tafi, ni kaɗai a duk zauren.

Ta ja mini hannun riga. "Kawu, ba su gama ba."

"To me ya tsayar da su?"

Ashe kiɗan kashi huɗu ne, sai an kai ƙarshe ake tafawa. Har yau ina ganin rowa ce.

Na ɗauka sai kwanciya, sai ta ce saura ɗaya, ƙarfe 12 na dare a Finney, tsohuwar majami'ar kwalejin da ake manyan taruka a ciki. Can ne wani ƙaton abin kiɗa da ake kira ogan yake, mai dubban bututu, wanda aka kafa a 2001, iska ake hura masa, ana danna shi da hannu da ƙafa. Ɗaliban da ke koyonsa ne ke shirya wasan, ana raha ana shewa, ba irin na ɗazu ba. Can wajen ƙarshe aka ce kowa ya hau dandamali ya kwanta. Na tsaya ina duban babbar rigata, ta ce, "Kawu, ba wanda ya san ka a nan."

Na miƙe rigingine a kan katako tsakanin yara sa'annin 'ya'yana. Da yarinyar da ke kiɗan ta taka manyan bututun da ƙafa, ban ji da kunne ba tukuna, katakon ne ya fara rawa, abin ya bi gadon bayana har haƙora. Irinsa sau ɗaya na taɓa ji, ina yaro a hawan Sallah, da aka buga tambari kusa da ni.

Hulata ma sai da muka kai bakin ƙofa na tuna na baro ta a dandamalin.