Tarihin Rayuwata, Kashi na 11: Akwatin Wasan da Aka Kawo a Kura

A makon jiya na tsaya a inda maigidana ya tafi ƙauye ta'aziyyar yayarsa, ya bar mini makullin shagonmu na gyaran rediyo da talabijin a Sabon Garin Kano. Kwana uku da tafiyarsa, da hantsi, wani Alhaji mai gidan wasan yara a Fagge ya iso, masu kura biyu na biye da shi da wani akwatin katako da ya kusa kai ni tsawo.

"Yaro, ina maigidan naka?"

"Ya yi tafiya, Alhaji. Sai bayan sadakar bakwai."

Ya yi shiru yana kallon akwatin. Wurare biyu ya kai shi, in ji shi, kowa ya ce ba layinsa ba ne. Na ce ya bari in duba, in ya fi ƙarfina ba zan taɓa komai ba. Ya ce, "To, Allah Ya ba da sa'a," ya tafi.

Injin wasan dambe na bidiyo ne, Street Fighter II, wanda kamfanin Capcom na Japan ya fitar a 1991. Ina ƙaramin yaro na sha tsayawa a bayan manya ina leƙen irinsa, ba ni da kuɗin bugawa. Ranar ce na fara ganin cikinsa. Fanel uku ne a ɗore, wato allunan da aka jera ƙananan kayan lantarki a kansu: babba a ƙasa mai ɗauke da ƙwaƙwalwar Motorola 68000 da wata Z80 mai kula da sauti, na tsakiya mai riƙe da wasan kansa da hotunansa, sai wani ɗan ƙarami a sama. Ƙurar hunturu ta shekaru ta kwanta a kansu har ba a iya karanta lambobin ai-si, 'yan ƙananan na'urorin nan masu ƙafafu da yawa da ke manne a jikin fanel.

Da na kunna, sai allon ya cika da tarkacen launi, ya ɗauke, ya dawo, ya sake ɗaukewa. Zuciyata ta ce ƙwaƙwalwar ce ta mutu. Amma maigidana yana da magana ɗaya da ba ya gajiya da ita: kafin ka zargi kowa, auna abincinsa. Na ɗora mita a bakin akwatin wuta, bolt 5 daidai. Na ɗora a ƙafar wata ai-si a tsakiyar fanel, 4.5. Irin waɗannan ai-si kuwa ba sa zama lafiya in wuta ta yi ƙasa da 4.75. A hanya ke nan wutar take zubewa.

Akwai ɗan maɓalli a jikin akwatin wutar da ake murɗawa a ƙara ƙarfi. Na kai hannu, na janye. In na murɗa don in cike giɓin, ranar da mahaɗin ya kama da kyau duk ƙarin zai afka wa fanel ɗin, kuma a cikinsa akwai ai-si na musamman da kamfanin ya ƙera wa kansa, waɗanda ba a samu a kasuwa ko nawa ka riƙe.

Na zare babban soket ɗin da ke haɗa fanel da sauran akwatin. Ana kiransa JAMMA, tsari ne da masu ƙera injinan wasa na Japan suka daidaita a kai a tsakiyar shekarun 1980, haƙora 56, 28 a kowane gefe. Haƙori na uku da na huɗu, masu ɗaukar bolt 5, sun yi baƙi ƙirin, robar kusa da su har ta narke kaɗan. Na aiki ƙanena ya sayo mini magogin fensir a shagon littattafai. Na zauna ina gogawa a hankali har jan ƙarfen ya fito yana ƙyalli, na wanke da sipirit, na ɗan ɗaga haƙoran soket ɗin da allura don su ƙara cizo. Na mayar. Mita ta nuna 4.95.

Sunan wasan ya fito. Wallahi sai da na miƙe tsaye.

Murnar ba ta daɗe ba. 'Yan damben sun bayyana, amma da layuka a tsaye a jikinsu, sirara, a jere, kamar ana hango su ta tagar kurkuku. Bayan fage kuma lafiya lau. Wannan ya cinye mini kwana biyu. Na yi ta tunani a kan tabarma da dare: tunda layukan suna da tazara iri ɗaya, hanya guda ce ta katse a cikin hanyoyin da ke ɗauko hoto, ba ai-si ce ta ƙone gaba ɗaya ba. Da safe na kunna, na danna gefen fanel na tsakiya da ɗan yatsa, layukan suka ɓace. Na saki, suka dawo.

Na raba fanel biyun da kaffa-kaffa, ina ɗagawa kaɗan-kaɗan daga kowace kusurwa don kada in lanƙwasa ƙafa. A ɗaya daga cikin dogayen mahaɗan na ga ƙafa guda ta yi kore da tsatsa, dalmar gindinta ta tsage zagaye, tsagar ba ta fi kaurin gashi ba. Sai da na karkata ta ga hasken ƙofa na gan ta. Na kankare, na zuƙe tsohuwar dalmar, na sa sabuwa. Hannuna na rawa, don kwana biyu da na yi ina nema duk a kan wannan ɗigon suka tsaya.

Hoto ya fito tas. Na kira yaran makwabta su gwada, sai ɗaya ya ce, "Yaya, naushi na yi, amma ƙafa ba ta fita." Wasan madanni shida gare shi, JAMMA kuwa uku take ɗauka ga kowane ɗan wasa, don haka na shuri suna da wayarsu daban. Ɓera ya cinye ta a ƙasan akwatin. Wannan bai kai rabin sa'a ba.

Ran da maigidana ya dawo, ya tarar da yara sun toshe ƙofar shago. Bai ce komai ba. Ya buɗe bayan akwatin, ya haska tocila a kan sodar da na yi, ya daɗe yana kallo, sannan ya tambaye ni ko na taɓa maɓallin wuta.

"Ban taɓa ba, Baba."

Ya kashe tocilar, ya ce in je in kira Alhajin, kuma ni zan faɗi kuɗin aikin da bakina. Yadda muka kwashe da Alhaji a kan wannan kuɗi, sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.