Cajin Lantarki da Filin da Yake Kewaye da Shi

Idan aka goga matajin roba a busasshen gashi, sannan aka kusantar da shi ga ƙananan guntayen takarda, sai a ga sun tashi sun manne masa tun kafin ya taɓa su. Malamai da yawa suna nuna wannan gwaji cikin gaggawa domin su kai ga lissafi, alhali a ganina kusan dukkan tushen darasin lantarki marar gudana yana cikinsa, ga wanda ya tsaya ya tambayi dalili.

Gogawa ba ta ƙirƙirar caji. Kowace ƙwayar zarra tana da wasu ƙananan ƙwayoyi a cikinta, wato furoton masu cajin tarawa (+) da elektron masu cajin ragewa (−), kuma muddin adadinsu ya zo ɗaya, ba a ganin alamar komai. Abin da gogawa take yi shi ne kwashe wasu elektron daga gashi zuwa mataji, ta yadda abin da gashi ya rasa shi ne daidai abin da mataji ya samu. Benjamin Franklin na Amurka ne ya sanya wa nau'ukan biyu alamar tarawa da ta ragewa a ƙarni na 18, tun ba a san da elektron ba, domin sai a 1897 J. J. Thomson ya gano shi.

Masu caji iri ɗaya suna ture juna, masu caji daban suna jan juna. A 1785 Charles-Augustin de Coulomb na Faransa ya auna wannan ƙarfi, ya nuna cewa idan tazara ta ninka biyu, ƙarfin yana komawa kashi ɗaya cikin huɗu, idan ta ninka uku kuma, kashi ɗaya cikin tara. Da wannan ƙa'ida ake warware matsalar takarda, wadda ba wanda ya goga ta balle ta sami caji. Mataji, da yake ƙarin elektron ya sa ya zama mai cajin ragewa, yana ɗan tura elektron ɗin takardar baya, sai gefen da yake kusa da shi ya zama mai cajin tarawa, na nesa ya zama mai cajin ragewa. Tun da na kusa ya fi jin ƙarfin, ja yana rinjayar turi, takarda ta tashi.

Amma lissafin Coulomb bai faɗi yadda ƙarfin yake ƙetare sararin da yake tsakani ba, kuma a nan ne na fi jinjina wa Michael Faraday na Ingila, wanda bai yi zurfin karatun lissafi ba. Shi ne ya dage cewa kowane caji yana sauya yanayin sararin da yake kewaye da shi, ko da akwai wani caji a wurin ko babu. Wannan shi ne filin lantarki, wanda ake zana shi da layuka masu fitowa daga cajin tarawa suna ƙarewa a kan na ragewa, kuma inda layukan suka fi cunkushewa, can filin ya fi ƙarfi.

Kada ɗalibi ya ɗauki filin a matsayin dabarar zane kawai, domin ana auna shi, kuma yana da aiki a zahiri. Idan ƙarfinsa ya kai kimanin bolt miliyan 3 a kowace mita, busasshiyar iska tana daina tare lantarki, caji ya ratsa ta, kamar yadda ake gani a ɗan tartsatsin da yake fitowa tsakanin yatsa da ƙarfen ƙofa.