Duba hita mai kananzir kafin sanyin Tabuk

'Yan uwa mazauna Tabuk da Ha'il a Saudiyya, kafin Disamba ta kama a fito da hita a duba ta. A fara da tanki, a juye kananzir ɗin bara, domin ruwa kan taru a ƙasansa ya ɓata lagwani. Lagwanin da ya ƙandare ya yi baƙi, a canza shi kawai, kankarewa wahalar banza ce. Sabon ya sha kananzir awa guda kafin a kunna.

Gwajin farko a tsakar gida ake yi. Wuta ja mai hayaƙi, lagwani ne ya yi tsawo ko ƙura ta toshe mashigar iska. Fetur kuwa, ko ɗigo kada ya shiga. A ɗaki a bar taga buɗe kaɗan, a kashe kafin barci, domin iskar gubarta ba ta wari.