Taken da Baba ke saita agogo da shi

Jama'ar ta Dikko ɗakin kara, assalamu alaikum. Ina gaishe ku daga Landan.

Ran Lahadin da ta wuce na ratsa wani lambu, sai na iske wasu dattawan Turawa masu badujala suna busa. Ban yi niyyar tsayawa ba, amma da suka sako wani sauti sai tsigar jikina ta tashi. Nan take na ganni a zauren gidanmu na Ƙofar Ƙaura, ga Baba bisa buzu, ya ɗora rediyonsa National a cinya, ya zare eriya har ƙarshe yana lalubar gajeren zango. Shi malamin firamare ne, in ya gama da sashen Hausa na BBC sai ya murɗa zuwa na Turanci. Wannan busar ita ke zuwa kafin labarai, daga ita sai ƙyas-ƙyas ɗin nan guda shida, ya duba agogon hannunsa ya gyara.

Ni duk zatona BBC ce ta sa aka tsara mata shi. Da suka huta na tambayi mai ƙahon, ya ce sunansa Lillibullero. Ashe ya haura shekara 300, kuma, ku ji abin dariya, zambo ne. Da shi aka yi wa Katolikan Ayalan habaici a lokacin da ake neman tuɓe Sarkin Ingila James na Biyu, aka kuwa tuɓe shi a 1688. Wanda ake dangana baitocin gare shi, Thomas Wharton, har cika baki ya yi cewa da waƙa ya kori sarki daga masarautu uku. Mu da muka fito ƙasar Shata wannan ba zai ba mu mamaki ba, mun san abin da bakin mawaƙi ke yi wa mai rawani.

Daga nan abin ya zame mini jaraba. Na bi na Muryar Amurka, wadda ta buɗe sashen Hausa a 1979. Shi ma takenta, Yankee Doodle, zambo ne: sojan Ingila ke rera shi suna yi wa Amurkawa kallon ƙauyawa, su kuma suka karɓe abinsu suka mai da shi kirari. Na Jamus ne kawai mai ladabi. Daga wasan Fidelio na Beethoven aka yanko shi, inda ake cewa ɗan'uwa na neman 'yan'uwansa. A Bon aka haifi Beethoven a 1770, nan ne kuma gidan rediyon yake zaune yanzu.

Duk wannan cikin mako guda na samo shi, ina zaune a ɗaki, don su komai sun rubuta sun adana. Da na juyo gida sai jikina ya yi sanyi.

Mu fa muka san take tun kafin rediyo. Sarki na da nasa, ɗan dambe na da nasa, mahauci ma kalangu na kiran sunansa, kuma ganga magana take yi ga wanda ya iya ji. Shi ya sa da gidan rediyon Kaduna ya fara aiki a 1962, aka zo buɗe shirye-shirye da kiɗa, ba a sha wahalar suna ba, aka ce taken shiri. Akwai wani na kalangu da sarewa da ke yi mini yawo a ka tun ina ɗan firamare. Na kira Yaya na yi mata shi da baki ta waya, ta yi dariya har da tari, ta ce, "Kai ƙanena, ai ka karya shi a tsakiya," ta gyara mini, har ta faɗi kalmomin da kalangun ke faɗa. Ita kuma wajen Inna ta ji. Kun ga inda ma'ajiyarmu take: a kan tsofaffi. Faya-fayan zare kuwa zafi da ƙura ba su ragar musu, wasu ma tun a wancan zamani an shafe su an ɗora sabon shiri, don faifai tsada gare shi.

To ga roƙona, musamman gare ku 'yan makaranta masu waya a hannu. Katsina ba baƙuwa ba ce a harkar nan. Muryar farko da aka ji a BBC Hausa ran 13 ga Maris 1957 ta Aminu Abdullahi Malumfashi ce. Akwai tsofaffin ma'aikatan rediyo da talabijin da suka yi ritaya suna zaune a unguwanninku, kuna wuce su a dakali bayan la'asar. Ku durƙusa ku gaishe su, ku kunna waya. Ku tambaye su wa ya kaɗa taken, na wane ne asali kafin ya hau rediyo, me gangar ke cewa. In sun ce sun manta, ku yi musu shi da baki, ko da a karye ne kamar nawa, za su gyara muku.

Rediyon Baba yana nan a ɗakin Inna. Yaya ta ce in an sa batir har yanzu yana kamawa, eriyar ce kawai ta karye.

Naku,
wani Bakatsine a Landan