Tsohon rediyon kaka da jirgin yaƙi: kayan cikinsu ɗaya ne

A gidajen Hausawa da yawa na Maiurno da Gadarif da Kasala a ƙasar Sudan har yau akwai tsohon akwatin rediyo a saman kabad, an lulluɓe shi da ƙyalle. Ba ya magana, amma ba wanda ya isa ya jefar da shi. Wani National Panasonic ne da kaka ya zo da shi daga Jidda, wani Philips ne mai jikin katako. Da shi aka saurari "Huna Omdurman", tashar da ta fara aiki a 1940, da shi kuma ake lalubo Sashen Hausa na BBC, wanda aka buɗe a 1957, don a ji labarin Sakkwato da Kano, ƙasar da kakanni suka baro bayan yaƙin Burmi na 1903. Wanda ya taɓa kwance bayan irin wannan akwati ya riga ya ga rabin abin da ke cikin hancin jirgin yaƙin wancan zamani, don uwa ɗaya uba ɗaya suke.

A fara da 'yan kwalaben nan da ke yin ja in sun ɗauki zafi, waɗanda masu gyara ke kira bawul. Ranar 6 ga Satumba 1976 wani matuƙin jirgin yaƙin Tarayyar Sobiyet, Viktor Belenko, ya gudu da MiG-25 ya sauka a Hakodate ta ƙasar Japan. Shekaru ke nan jirgin yana hana Amurka barci, saboda gudunsa ya kai kusan ninki uku na gudun sauti. Da aka warware shi gunduwa-gunduwa sai aka tarar yawancin jikinsa baƙin ƙarfe ne da aka yi wa walda, na'urar hangen jiragensa kuma, wato radarsa, cike take da bawul, irin na rediyon katako. Wasu suka yi dariya. Dariyar ba ta da tushe sosai: a lokacin bawul ya fi taransisto, ɗan ƙaramin abin da ya gaje shi, jure wuta mai ƙarfi da sauyin zafi da sanyi, kuma radar tana buƙatar ƙarfin da zai keta hayaniyar da abokin gaba ke watsawa don ya makantar da ita. Aibinsa kuwa shi ne wanda kowace tsohuwa ta sani a rediyonta: sai an jira ya yi ɗumi kafin ya yi magana, yana shan wuta, yana fitar da zafi. Don haka ake sanyaya kayan jirgin da ruwa mai haɗe da sifirit. Bindiga ko ɗaya babu a jikinsa, makamai masu linzami huɗu kawai yake ɗauka.

Wanda ya fi kusa da mu shi ne MiG-21, da Sudan ta samu daga Sobiyet bayan Numairi ya karɓi mulki a Mayun 1969. Makamin da irin wannan jirgi ke ratayawa a ƙarƙashin fiffike, K-13, kwaikwayo ne na Sidewinder ɗin Amurka. A Satumbar 1958, a wata arangama a mashigin Taiwan, wani Sidewinder ya cake a jikin MiG-17 na Sin bai fashe ba, jirgin ya koma gida da shi, daga nan ya isa hannun injiniyoyin Mosko. Idon da wannan makami ke bin zafi da shi an yi shi ne da sinadarin dalma da kibiritu. Wannan sinadari shi ne dutsen tozali, kwallin da ake niƙawa a sa a ido (wanda likitoci ke gargaɗi a kansa saboda dalmar, musamman ga jarirai). Kuma da ƙwayar wannan dutse ake kama tasha a rediyon farko-farko, wanda ba ya buƙatar batir, sai siririyar waya da ake dangwala wa dutsen da abin sawa a kunne.

Da kunne ma matuƙin ke sanin makaminsa ya ga abin hari. In idon ya kama zafi sai ya ji gurnani a abin saurarensa, ƙarar tana ƙaruwa gwargwadon yadda ya saita hancin jirgi, kamar mai murɗa rediyo yana neman inda murya ta fi fita tas. Na farkon suna da saurin ruɗuwa. Dole a biyo jirgi ta baya inda bututun hayaƙi yake, kuma in rana tana gaba, ko rairayin hamada ya yi zafi a ƙasa, makamin na iya barin jirgi ya bi su. Daga wannan rauni aka samo dabarar watsa ƙwallayen wuta, waɗanda ake gani suna zubowa daga jirgi kamar tartsatsi.

Talabijin ma ta je yaƙi. Sudan ta fara nata a farkon shekarun 1960, baƙi da fari, unguwa guda kan taru a tsakar gida ɗaya. A 1967 Amurka ta fara jefa wani bam mai suna Walleye a Biyetnam, wanda ke da kyamarar talabijin a hancinsa. Ba shi da inji, lilo kawai yake yi da fukafukai. Matuƙi na kallon ƙaramin allo baƙi da fari a gabansa, ya ɗora alama kan abin da yake so, ya saki. Bam ɗin bai san gada ko gini ba, iyakar saninsa inda baƙi ya haɗu da fari, sai ya riƙe wannan iyaka ya bi ta. Maverick, da ya shiga aiki a 1972, haka na farkonsa yake, sai dai shi da roka. Duk wanda ya taɓa murɗa maɓallin da ke rarrabe haske da duhu a tsohuwar talabijin ya san inda matsalar take: in hoto ya yi fari fat ko ya dushe, ba abin da za a kama. Hazo, ƙura, hayaƙi, ko inuwar la'asar da ta fi ginin kansa baƙi, kowanne na iya sa makamin ya bi inuwa ya bar gini. A ƙasar habub (guguwar ƙura) irin tamu wannan ba ƙaramin aibi ba ne.

Gidan rediyo kansa abin hari ne, kuma Omdurman ta ɗanɗana. Ranar 16 ga Maris 1984 wani jirgi ƙirar Tu-22 ya jefa bama-bamai yana neman gidan rediyon, inda 'yan adawar Gaddafi ke watsa shirye-shirye. Mutum biyar suka rasu, Allah ya jiƙansu, tashar kuma ba ta mutu ba. Sudan da Masar suka ɗora wa Libiya, Libiya ta musanta. Tu-22 jirgi ne mai abin mamaki: injinansa biyu a sama suke, a gindin jela, kujerun tsira na mutum ukun da ke ciki kuma ƙasa suke harbawa maimakon sama, don haka in matsala ta auku wajen tashi ko sauka babu mafita.

Shi kuwa Antonov, wanda sunansa kawai ke sa mutanen Duwatsun Nuba da Darfur da Kudu neman rami, ba a ƙera shi don jefa bam ba. Jirgin dakon kaya ne mai ƙofa a baya, ana mirgino bam ta nan. Lissafi kaɗan ya isa a gane dalilin da ya sa yake faɗawa kan kasuwa da gona. Abin da aka saki daga tsayin mita 5,000 yana ɗaukar sama da daƙiƙa 30 kafin ya taɓa ƙasa. Jirgin da ke gudun kilomita 400 a awa yana cin mita 111 a kowace daƙiƙa. Jinkirin daƙiƙa uku wajen turawa ya kai kuskuren sama da mita 300, ba a ma sa iska a lissafi ba. Ba abin sha'awa ba ne wannan, kuma ba a kawo shi nan don nishaɗi ba.

Tsofaffin masu sauraron gajeren zango za su tuna wata ƙara, ƙwas-ƙwas-ƙwas, sau goma a daƙiƙa, da kan hau kan tasha ta danne labarai. Mutane kan zargi batir ko eriya. Daga 1976 zuwa 1989 ta addabi duniya, Turawa suka laƙaba mata sunan tsuntsun nan maƙwaƙwafi. Wata katafariyar rada ce ta Sobiyet mai suna Duga, ɗaya daga cikin eriyoyinta na kusa da Chernobyl, tsayinta kimanin mita 150. Aikinta hango tashin makamai masu linzami daga bayan duniya, ta hanyar da muryar Landan ke iso Sinnar: igiyar tana bugun wani rufi na sararin sama ta dawo ƙasa.

Akwai ƙa'ida ɗaya da ta haɗa duka. Waya ko ƙarfe ya fi amsa igiyar rediyo in tsawonsa ya kai rabin zangonta. A Yulin 1943 jiragen Ingila suka zuba wa Hambag ta Jamus dubban ɗaurin siraran takardu masu rufin alminiyam, kowace santimita 27, rabin zangon radar Jamusawa ke nan, allunan radar suka cika da jiragen ƙarya. Da wannan ƙa'ida za ka yanka eriyar rediyonka. Raba 300 da megahaz, ka sami mita: megahaz 15 mita 20 ke nan, rabinsa mita 10. Shi ya sa ake cewa "mita 19" ko "mita 31". Mita 19 tana wajen megahaz 15, mita 25 kusa da 12, mita 31 tsakanin 9 da 10, mita 41 wajen 7, mita 49 wajen 6. Da rana a nemi mita 16 da 19, bayan magariba a sauko 31 da 41 da 49. Jadawalin tashoshin waje da agogon GMT ake rubuta shi, a Sudan a ƙara awa biyu, a Saudiyya uku.

To, ga mai son ta da na saman kabad, musamman yanzu da kahraba (wutar lantarki) da intanet ke yankewa kwana da kwanaki tun barkewar yaƙi a Afrilun 2023. Kada a fara da cusa shi a soket. A duba baya tukuna: da yawa daga cikin waɗanda aka kawo daga Saudiyya suna da maɓallin zaɓi tsakanin 110 da 220, in yana kan 110 aka ba shi wutar Sudan mai 230, taransifomar ciki ta ƙone nan take. A gwada da batir. Manyan batura huɗu volt 6 ke nan. In tsofaffin sun zube, farin gari mai kama da gishiri na batirin alkalin ne, ana goge shi da khal (binega) ko ruwan lemun tsami a auduga. Jiƙaƙƙen tsatsa na batir mai araha kuwa da garin bekin soda da ɗigon ruwa. A kankare sifirin da takardar yashi mai laushi har ƙarfe ya fito. Mai son amfani da adafta ya duba zanen da ke gefen ramin, domin rediyoyin Japan da yawa na wancan lokaci tsakiyar fulogin ce mara (negatif), wato akasin yawancin adaftocin yau, kuma juyawa ɗaya ta isa ta kashe taransisto.

In ya kama amma yana ƙarar ƙaiƙayi idan an murɗa murya, ƙura ce a cikin maɓallin: a fesa maganin wanke mahaɗar lantarki, a murɗa sau ashirin ko talatin. Man inji ko na girki ba ya wannan aiki, ƙura yake tarawa. Maɓallin sauya zango ma haka, kuma shi ne yawanci ke sa a ce gajeren zango ya mutu alhali matsakaici na aiki. Gunji mai kauri a kan wuta, wanda babu shi a kan batir, kondensa mai tace wuta ce ta bushe, zafin ƙasar nan kuwa yana saurin busar da su. A sauya da mai lamba ɗaya, volt ɗinta daidai ko sama, a kula da ƙafar da ke da alamar mara. 'Yan sukurori masu launi da ke cikin ƙananan gwangwanaye kada a taɓa su. A masana'anta aka saita su da na'ura, kuma yawan rediyon da "bari in ɗan murɗa" ta kurumtar ya fi wanda tsufa ya kashe.

Eriya kuwa waya mai rufi ta mita 8 zuwa 10 ta wadatar, a ɗaure ta sama nesa da wayar kahraba, a naɗe bakinta sau biyar ko shida a jikin eriyar rediyon ba tare da an feɗe ta ba. In ta yi tsawo da yawa tashoshi za su hau kan juna a ƙaramin rediyo. A cire ta in habub ta taso ko ana walƙiya, saboda busasshiyar ƙura tana tara wuta a jikin waya. Ƙarar shuuu da ta cika gajeren zango a yau kuma yawanci daga cikin gida take: cajar waya, inbatar sola, ƙwan fitila na zamani. A kashe su ɗaya bayan ɗaya, ko a fita tsakar gida da rediyon a kan batir, za a ji bambanci.

Na katako mai bawul da tsohuwar talabijin hukuncinsu daban. A cikin rediyon akwai volt wajen 250, kuma masu gyara kan jera ƙwan fitila mai zare na wat 60 a layin wutarsa kafin su kunna: in ƙwan ya haska ya dushe, lafiya, in ya tsaya da haske sosai, akwai inda wuta ta haɗe. Kwalbar talabijin baƙi da fari tana aiki da volt sama da 10,000, mai launi wajen 25,000, kuma tana riƙe wutar bayan an zare fulogi. Jar wayar nan mai faifan roba da ke manne a gefen kwalbar, wanda bai koyi sauke mata wuta ba kada ya kai hannu, ya ɗauki akwatin ya kai wa mai gyara a kasuwa.