Gyaran da na yi da hannu a standalone.xml

Makon jiya na miƙa kalmomin sirri na sabobin WildFly guda 4 da na shekara 5 ina kula da su, na bar wurin. WildFly manhajar saba ce da ake ɗora manhajojin Java a kanta. Wanda ya gaje ni ya nemi in rubuta masa abin da ya kamata ya sani, na kuma rubuta masa shafi 12. Akwai dai labari ɗaya da ban sa a ciki ba, domin takardar ta ofis ce, mai ofis kuma zai karanta ta.

Manhajar biyan albashi ce ta fi ba mu wahala. Duk ƙarshen wata sai ta riƙa jan ƙafa, na kuma san dalili: tafkin haɗin da ke tsakaninta da rumbun bayanai na PostgreSQL, wato iyakar haɗin da za ta iya buɗewa a lokaci guda, yana nan a kan 20, adadin da WildFly ke zuwa da shi in ba ka taɓa ba. Na yanke shawarar mayar da shi 40. Saura kwana ɗaya a yi albashi, da misalin ƙarfe 3 na yamma, na buɗe standalone.xml, fayil ɗin da ke ɗauke da tsarin sabar, na canza lambar da hannuna, sabar tana aiki, da niyyar in kashe ta in sake kunnawa da dare bayan kowa ya tashi. Na sanar da shugaban sashenmu cewa gyaran ya shiga, gobe ba za a ji kanmu ba.

Abin da na sani amma na yi sakaci da shi shi ne, WildFly sau ɗaya take karanta wannan fayil, lokacin tashi. Daga nan tsarin yana cikin ƙwaƙwalwarta. Duk sanda wani ya yi canji ta jboss-cli, manhajar da ake ba sabar umarni da ita, ko ta shafin gudanarwa na ƙofar 9990, sai ta ɗauki abin da ke kanta ta rubuta a kan fayil ɗin baki ɗaya. Ba ruwanta da abin da ka sa a ciki da hannu.

Da ƙarfe 5 da ’yan mintuna, shugaban ya shiga ta 9990 da asusun da ya matsa mini na buɗe masa, ya ɗora sabon fayil ɗin war, wato ƙunshin manhajar albashin, da masu rubuta manhaja suka kawo masa, bai faɗa wa kowa ba. Ɗorawar nan canji ce, don haka sabar ta sake rubuta standalone.xml, 40 ɗina ta koma 20. Ƙarfe 11 na dare na sake kunna ta, na ga layin WFLYSRV0025 mai cewa ta tashi lafiya, na rufe kwamfuta na kwanta. Umarni ɗaya na read-resource, mai karanto tsarin da sabar ke aiki da shi, a kan tafkin da ya nuna mini gaskiya cikin daƙiƙa 5. Ban buga shi ba.

Washegari kafin ƙarfe 10 server.log, kundin da sabar ke rubuta abin da ke faruwa, ya cika da saƙon kuskure IJ000453, wato babu haɗin da ya rage. Kowace buƙata sai ta tsaya daƙiƙa 30 tana jira sannan ta faɗi. Sa’a guda cur na ɓata ina neman laifi a inda babu shi. Na duba PostgreSQL, na duba ƙwaƙwalwar JVM mai gudanar da manhajojin Java, na kira masu kula da layin sadarwa na ɗaga musu hankali. Ko sau ɗaya ban kalli girman tafkin ba, saboda na riga na yarda a raina cewa 40 ne. Wannan sa’ar ce ke damuna har yau, fiye da gyaran da aka share. Albashin mutane ya makara da yini guda, wasunsu kuwa na san da shi suka kwana a rai.

A taron da aka yi bayan kwana biyu, shugaban ya haska standalone.xml a bango, ya nuna 20, ya ce a gaban kowa na faɗi aikin da ban yi ba. Bai ambaci ƙarya ba, amma kowa ya ji ta. Aka ba ni takardar tuhuma. Sakaci na amsa shi, don nawa ne. Ƙarya kuwa ban yi ba, na kuma kasa barci a kanta.

Daren nan na tuna da jakar standalone_xml_history. Kafin WildFly ta rubuta a kan fayil, takan ajiye tsohon a can da lambarsa. Na shiga, sai ga gyarana a cikin ɗaya daga tsofaffin, 40 ɗin tana nan ras. Lokacin da aka ture shi ya yi daidai da lokacin da server.log ya nuna an ɗora sabon war. Ban tsaya nan ba. A sabar gwaji na kunna debug na cached-connection-manager, mai sa ido a kan haɗin da manhaja ta buɗe, na ɗora wannan war ɗin, nan take IJ000100 ya fara fitowa: sabuwar manhajar tana buɗe haɗi ba ta rufewa. Ashe ko da 40 ɗin ta zauna, jinkirta faɗuwar kawai za ta yi. Tulu mai yoyo, girmansa ba ya hana shi ƙarewa.

Na kai masa duka a ofishinsa, mu biyu, don ban so in yi masa yadda ya yi mini. Ya duba, ya yi shiru, ya ce maganar ta wuce, a bar ta. Masu manhaja suka toshe yoyon cikin mako, aka rubuta a rahoto cewa an inganta aiki. Takardar tuhumar tana cikin fayil ɗina na ma’aikata har ranar da na tafi.

Tun daga lokacin ban ƙara taɓa standalone.xml da hannu ba matuƙar sabar na kunne. Kowane canji sai na rubuta shi a fayil ɗin umarni na cli, na ajiye a Git, na gwada a sabar gwaji, in ya shiga kuma in tambayi sabar da kanta ta karanto mini abin da ke kanta. Wasu na ganin ɓata lokaci ne a kan lamba ɗaya. Shekara 3 da suka biyo baya ba mu sake faɗuwa ranar albashi ba, har da lokacin da muka ƙaura zuwa WildFly 27, inda sunayen javax suka koma jakarta, aikin da ya ci mu wata 2.

Sauran darussan da na koya ba su da tsawo. In za ka ƙara girman tafki, ninka shi da yawan sabobinka ka gwada da max_connections, iyakar haɗin da PostgreSQL ke karɓa, don da 100 take zuwa. Bar 9990 a kan 127.0.0.1 yadda ka same ta, kada gaggawa ta sa ka buɗe ta ga 0.0.0.0. Kunna kundin binciken gudanarwa tun ranar farko, domin a kashe yake zuwa. Da yana kunne, da sunan wanda ya ɗora war ɗin ya fito ƙarara, ba sai na yi ta haɗa lokuta ba.

Na ƙarshe shi ne wanda na fi so magajina ya riƙe. A tsarin da WildFly ke zuwa da shi, duk wanda ka buɗe wa asusun gudanarwa da add-user.sh yana da cikakken iko, babu babba babu ƙarami. Bayan abin da ya faru na kunna rbac, tsarin raba iko bisa matsayi, mai matsayi 7 daga Monitor zuwa SuperUser. Masu ɗora manhaja na ba su Deployer. Shugaban na sa shi a Monitor: yana ganin yawancin abubuwa, ba ya iya taɓa komai. Sau uku ya nemi in ɗaga masa, sau uku na ce ya aiko mini da buƙatar a rubuce da sa hannunsa. Bai taɓa aikowa ba. Kai magajina, zai neme ka da maganar cikin makonka na farko, tun ba ka gama sanin wurin ba.